Kuɗin Fito A Kan Kayan Gida: Abin Da Ya Kamata Mai Ƙaura Ya Sani Kafin Ya Ɗaure Kaya

Jawabin da kwamitin jin daɗin 'yan ƙungiya ya gabatar a babban taron shekara-shekara



Da farko muna miƙa godiyarmu ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ba mu damar tsayawa a gabanku. Mun san wani zai iya cewa a ransa, garin da ke fama da ƙarancin ruwan sha da rufin makarantar da iska ta yaye, me ya kai shi zancen kwantena da tashar jiragen ruwa? Amsar tana cikin rajistar ƙungiya. A da, idan an ce ɗan garinmu ya yi nisa, to Kano ake nufi ko Kaduna, in ya yi tsanani Legas. A yau kuwa muna da likitoci da ma'aikatan jinya da malaman jami'a da ɗalibai a Birtaniya da Kanada da Amurka da Jamus da ƙasashen Larabawa, muna kuma aurar da 'ya'yanmu mata zuwa can. A ɗaya ɓangaren, waɗanda suka tafi tun da ƙuruciya sun fara haɗa kayansu suna dawowa gida. Kowane ɗaya daga cikinsu yana tafe ne da dukiyar da ya shekara yana tarawa, kuma wannan dukiya ita ce takan zama rufin asirin iyali a can, ko jarin zama a nan.

Abin da ya jawo wannan jawabi

Wani ɗan uwanmu, wanda ba za mu ambaci sunansa ba, ya samu aiki a Birtaniya. Murna ta cika gida. Ana saura mako biyu tafiya, mai ɗakinsa ta shiga kasuwa ta sayo sababbin kwanuka da labule da zannuwan gado da kafet. 'Yan uwa da abokan arziki kuma kowa ya kawo ƙunshinsa, wannan atamfa ce a kai wa ɗiyarsa, wancan shadda ce a kai wa ƙanensa, wata gwaggo ta kawo kilishi da man shanu. Aka haɗa duka aka ba kamfanin dako, aka rubuta a takarda cewa kayan gida ne. Babu wanda ya gaya masa akwai takardar da ake nema kafin kaya su tashi. Da kayan suka isa sai aka tsare su, aka buɗe, aka ƙwace naman da man, aka ƙiyasta kuɗin sababbin kayan aka ɗora haraji, kuɗin ajiya kuma yana hauhawa kowace safiya. Da ya zauna ya yi lissafi daga baya, abin da ya kashe ya isa ya sayi irin kayan a can har ya yi ragi.

Ba mu kawo wannan labari don a yi wa kowa dariya ba. Mun kawo shi ne saboda abin takaicin da ke cikinsa, wato yawancin kuɗin da ya biya doka ba ta wajabta masa ba, da ya bi matakan da suka dace. Abin da muke son kowa ya tashi da shi daga wannan zaure shi ne: kusan duk ƙasashen da mutanenmu ke ƙaura zuwa cikinsu sun yafe kuɗin fito a kan kayan gida, amma yafiyar tana rataye da lokaci da takarda da gaskiya. Wanda ya saki ɗaya daga cikin ukun nan, ya mai da kansa ɗan kasuwa a idon kwastan, ko da kuwa tabarma ce ya ɗauko.

Dalilin yafiyar

Kuɗin fito haraji ne da gwamnati ke karɓa a kan kayan da suka ƙetaro iyakarta. Tana karɓarsa ne don samun kuɗin shiga da kuma kare masana'antunta daga kayan waje masu araha. To amma mutumin da ya ɗauko gadonsa da tukwanensa da littattafansa don ya ci gaba da amfani da su a sabon mazauni bai zo yin gasa da kowace masana'anta ba. Wannan ne ya sa ƙasashe suka ware shi daga cikin masu shigo da haja.

Daga nan za mu fahimci cewa yafiyar ta mutum ce, ba ta kaya ba ce. Kujera ɗaya tana iya shiga kyauta a hannun wanda ya ƙaura da ita, ta kuma biya haraji a hannun wanda ya sayo ta don sayarwa. Saboda haka jami'in kwastan, a kowace ƙasa yake, tambayoyi uku yake son takardunka su amsa masa. Ta farko, shin da gaske ka zauna a wata ƙasa, kuma da gaske ƙaura ka yi ba ziyara ba? Ta biyu, shin kayan naka ne, kuma ka yi amfani da su kafin ka taso? Ta uku, shin amfani za ka ci gaba da yi da su ko sayarwa za ka yi? Duk fom da hatimi da za mu ambata a ƙasa, waɗannan tambayoyi uku ne aka sa wa riguna daban-daban.

Yadda abin yake ƙasa-ƙasa

A Birtaniya, hukumar haraji da kwastan ta ƙasar, wato HMRC, tana buƙatar mai ƙaura ya cika fom mai suna ToR1 ta intanet, ya haɗa da jerin kayansa da shaidar inda ya zauna da inda zai zauna. Idan an amince, sai a ba shi lamba ta musamman wadda zai miƙa wa kamfanin dako. Sharuɗɗan su ne ya kasance ya zauna a wajen ƙasar na tsawon wata 12 a jere, kayan sun kai wata 6 a hannunsa, su shiga cikin wata 12 daga zuwansa, sannan kada ya sayar ko ya ba da aro ko haya ko jingina cikin wata 12 bayan shigarsu. Wannan lamba ita ce ɗan uwanmu ya rasa.

Domin a ga nauyin abin, mu ƙaddara kayan mutum an yi masu kuɗi fam 4,000, dako da inshora kuma sun ci fam 1,500. Harajin VAT a Birtaniya kashi 20 ne cikin 100, kuma ana lissafa shi ne a kan kuɗin kaya haɗe da na dako. Ke nan fam 1,100 zai fita daga aljihunsa tun kafin a zo ga kuɗin fito da na ajiya. Fom ɗin da zai hana wannan asara kuwa kyauta ake cika shi.

Ƙasashen Tarayyar Turai, irin su Jamus da Faransa da Italiya da Ayalan, suna bin doka guda, mai lamba 1186 ta shekarar 2009, kuma ƙa'idojinta kusan ɗaya ne da na Birtaniya: wata 12 na zama a waje, wata 6 na amfani da kaya, wata 12 na shigo da su, da wata 12 na haramcin sayarwa.

Amurka ta ɗan bambanta. A can ana cika fom mai lamba 3299 ga kayan da ba su zo tare da mai su ba, kuma kayan gida sai sun shekara guda ana amfani da su. Sassaucin da ke ciki shi ne, ba dole ne shekarar ta kasance a jere ba, ba kuma dole ne ta zama wadda ta gabaci tafiya ba.

Kanada kuwa tarkonta yana ranar farko. Mai ƙaura zai gabatar da jeri biyu a filin jirgin da ya fara sauka, ɗaya na kayan da ke tare da shi, ɗaya na kayan da za su biyo baya, a kan fom BSF186. Abin da ba a rubuta a jeri na biyu aka buga masa hatimi a ranar ba, idan ya iso daga baya, mai shi zai sha wahala kafin ya shigar da shi kyauta. Mutum ya sauka a gajiye, yara suna kuka, sanyi na jira a waje, amma wannan rabin sa'a ita ce ke yanke hukuncin kwantenar da ke kan teku.

Kayan ɗakin amarya

Muna roƙon iyayenmu mata su ba mu kunnuwansu a nan. A al'adarmu, ba a kai yarinya ɗakin miji hannu rabbana. Uwa takan fara tara kwanuka da kuloli tun yarinya tana firamare, uba ya yi gado da kujeru, dangi su yi gudummawa, a yi jere, a kai gara. Duk waɗannan sababbi ne, ke nan ba su cika sharaɗin wata 6 ba. Shin amaryar da za a kai Turai sai ta bar kayanta?

Dokar Tarayyar Turai da muka ambata ta buɗe wa amare ƙofa ta daban. Wadda za ta ƙaura saboda aure tana iya shigar da kayan ɗakinta ba tare da kuɗin fito ba, ko sababbi ne ko tsofaffi, haka kuma kyaututtukan biki, matuƙar kowace kyauta ba ta wuce Yuro 1,000 ba. Birtaniya ma tana da irin wannan tanadi, Kanada kuma takan ɗauke wa amarya sharaɗin amfani da kaya idan auren bai yi nisa da ranar shigarta ba. Sai dai ƙofar Turai tana da lokacin rufewa. Kayan za su shiga ne daga wata 2 kafin ranar aure zuwa wata 4 bayansa, tare da takardar shaidar aure, in ban da wani uzuri na musamman da hukuma ta karɓa.

A nan ne al'adarmu ke karo da agogonsu. Mu mukan ɗaura aure, amarya ta ci gaba da zama a gidan iyaye tana jiran biza, wani lokaci har ta kusa shekara kafin ta tare. Kafin bizar ta fito wata 4 sun wuce, kayan kuma suna nan a kwali ba a taɓa su ba. Sun rasa ƙofar amare saboda lokaci, sun kuma rasa ƙofar kowa da kowa saboda ba a yi amfani da su ba. Shawararmu ita ce, iyalan biyu su zauna su tattauna wannan tun kafin a sa rana. Sau da yawa abin da ya fi shi ne a yi wa yarinya jerenta a gida yadda zai jira ta idan ta zo hutu, a ba ta sauran a matsayin kuɗi ta sayi abin da ya dace da ɗakin da za ta shiga. Gadon da aka ƙera don ɗakunanmu masu faɗi ba lallai ne ya bi ta matattakalar gidan haya a Landan ba.

Matsalar saƙo

Babu abin da ya fi jefa mutanenmu cikin wahala kamar saƙo. Mun taso mun tarar duk wanda zai yi tafiya ana ba shi saƙo, kuma ƙin karɓa abin kunya ne. Amma mu tuna tambaya ta biyu ta jami'in kwastan: shin kayan naka ne? Turmin atamfa 30 a cikin leda, ko takalma dozin biyu masu lamba iri-iri, ko kwalaben humra da turaren wuta cike da kwali, babu wanda zai yarda cewa kayan amfanin gida ɗaya ne. Da zarar an ga irin wannan, shakku ya hau kan kwantenar gaba ɗaya, a zazzage ta, a jinkirta ta, kuma mai sunan da ke kan takarda shi ne zai amsa. Garin neman gira sai a rasa ido.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne ƙunshin da aka naɗe aka ce kada a buɗe. Sa hannu a fom na kwastan rantsuwa ce cewa ka san abin da ke cikin kayanka. Idan aka samu haramtaccen abu, cewa ba ka sani ba ba za ta fisshe ka ba, kuma wanda bai daɗe da samun izinin zama ba yana iya rasa izinin da aikin baki ɗaya. Saboda haka muna kira ga 'yan uwa da ke gida da su sauƙaƙa wa matafiya. Wanda kuma ya zama dole ya karɓi saƙo, ya buɗe a gaban mai shi, ya rubuta shi daban, ya bayyana shi, mai saƙon ya ɗauki nauyin harajinsa. Wannan ba rashin zumunci ba ne. Rashin zumunci shi ne ka sa ɗan uwanka a bakin wuta saboda turmin zane.

Abubuwan da kuɗi ba ya shigar da su

Akwai bambanci tsakanin abin da ake biya wa haraji da abin da aka hana shigarsa ɗungurungum. Birtaniya da Tarayyar Turai sun hana matafiyi daga ƙasashenmu shiga da nama da kayan madara, saboda tsoron cututtukan dabbobi. Ke nan kilishi da dambun nama da soyayyen nama da man shanu da cuku duk sun fita. Amurka da Kanada ma suna da tsauri ƙwarai a kan nama. Busasshen kifi kuwa Birtaniya ta yarda matafiyi ya shiga da shi har kilo 20, zuma kuma kilo 2. Duk abincin da mutum ya ɗauka, ko kuka ce ko daddawa ko yaji, abin da ya fi masa shi ne ya bayyana, ya bar jami'i ya yanke hukunci. Wanda ya bayyana aka ƙwace, ya yi asarar abinci kawai. Wanda ya ɓoye aka gano, tara ce ke jiransa.

Haka nan kayan da aka yi da sassan namun daji. Yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975, ta taƙaita safarar hauren giwa da fatun kada da mesa da guza. Jaka ko takalmi ko sandar girma mai kan haure, waɗanda mu a wurinmu ado ne, suna iya jawo ƙwacewa da tuhuma idan babu takardar izini. Sai kuma kayan gado na tarihi, kamar tsofaffin takubba da rubutattun littattafan kakanni da sassaƙe-sassaƙe. Fitar da su daga Nijeriya sai da izinin hukumar kula da gidajen tarihi da kayayyakin tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979. A ganinmu ma irin waɗannan gara a bar su a gidan gado, domin na zuri'a ne baki ɗaya.

Kuɗi ma suna da ƙa'ida. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa duk mai fita ko shigowa Nijeriya da abin da ya haura dala 10,000, ko kwatankwacinsa, ya bayyana wa kwastan. Ɗaukar kuɗin ba laifi ba ne, ɓoye su ne laifi.

A ɗauka ko a sayar?

Ko da an yafe haraji, dako ba kyauta ba ne. Kafin a kira kamfani, a zauna da takarda da biro a raba kaya gida uku: wanda ba a samun madadinsa, wanda ya fi araha a nan, da wanda ya fi araha a can. Kashi na farko, wato takardun shaida da hotuna da littattafai da tufafinmu na gargajiya, shi ne ya cancanci tafiya. Kayan lantarki kuwa a yi hattara. Wutar Nijeriya mai ƙarfin 230 ce, daidai da ta Birtaniya, har bakin soket ɗinmu iri ɗaya ne. Ta Amurka da Kanada kuwa 120 ce, don haka firji ko injin wanki ko dutsen guga da aka ɗauka daga nan ba zai yi aiki yadda ya kamata a can ba sai da na'urar sauya wuta. A kuma sani cewa gidajen haya da yawa a can ana samunsu da murhu da firji a ciki.

Idan an yanke shawarar ɗauka, a sa wa kowane kwali lamba, a rubuta abin da ke cikinsa dalla-dalla, a ɗauki hoto, a adana rasit. Rasit ɗin da muke yarwa a bakin shago shi ne shaidar wata 6. Akwatin katako kuma sai wanda aka gasa aka buga masa hatimin ƙa'idar ISPM 15, domin katakon da ba a yi wa haka ba ana iya mayar da shi ko a ƙone shi saboda ƙwari.

Ranar dawowa gida

Duk nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ga waɗanda ke shirin dawowa, Nijeriya ma tana da tata yafiyar. Ƙa'idar da Hukumar Kwastan ta daɗe tana aiki da ita ita ce, ɗan ƙasa da ya zauna a waje na aƙalla wata 9 yana iya shigo da kayan amfaninsa da na gidansa da ya yi amfani da su ba tare da kuɗin fito ba. Zai cika fom na kayan da ba su zo tare da fasinja ba, wanda aka fi sani da PUBD, ya nuna fasfo ɗinsa, kayan kuma su sauka cikin wata 2 daga isowarsa, sai fa in hukuma ta ƙara masa wa'adi. Yafiyar ba ta shafi kayan sayarwa ba, ba ta kuma shafi mota ba.

Maganar mota tana buƙatar nanatawa, domin a nan ne masu dawowa suka fi yin kuskure. Mota tana biyan cikakken harajinta ko shekara nawa ka yi kana hawanta, akwai iyakar shekarun da aka yarda ta kai, kuma tun daga ranar 1 ga Janairu, 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu. Motar Ingila mai sitiyari a hannun dama ma ba ta dace da dokar hanyoyinmu ba, tun da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi a 1972. Tsofaffin firji da na'urorin sanyaya ɗaki kuma suna cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su, don haka kada a loda su sai an tambaya an samu amsa a rubuce.

Duk abin da bai samu yafiya ba, ana lissafa harajinsa ne a kan kuɗin kaya da dako da inshora, bisa jadawalin bai-ɗaya na ƙasashen ECOWAS da ya fara aiki a 2015, mai matakai biyar: 0 da 5 da 10 da 20 da 35 cikin 100. Yawancin ƙerarrun kayan amfanin gida suna matakin 20. A kan wannan ake ɗora VAT, wanda ya koma kashi 7.5 a watan Fabrairun 2020. Sannan lissafin da dala ake yinsa a juya zuwa Naira. Kafin watan Yunin 2023 kwastan na lissafa dala a kan kimanin Naira 422, amma a farkon 2024 ta haura Naira 1,500. Wanda ya yi kasafinsa da labarin da abokinsa ya ba shi na shekarun baya, zai sha mamaki a Apapa ko Tin Can. Ga masu zuwa hutu da tsaraba kuwa, a watan Satumban 2025 hukumar ta fara yafe haraji a kan ƙananan kayan da ba su wuce dala 300 ba.

Babban abokin gabar mai dawowa shi ne jinkiri. Kwantena tana cin kuɗin kwana a wurin kamfanin jirgi da kuma masu tasha, kuma kayan da suka wuce wa'adi ba a fitar ba doka ta yarda a yi gwanjonsu. Don haka a nemi ejan mai lasisi tun kafin jirgi ya taso, a ba shi kwafin takardu, a kuma karɓi rasit na hukuma a kan kowane kobo. Yana da kyau a tambayi kamfanin dako ko zai iya kai kaya kai tsaye zuwa ɗaya daga tashoshin tudu na Arewa, wato ta Kaduna da aka buɗe a 2018, ko ta Dala a Kano da aka buɗe a 2023, ko ta Funtuwa da aka buɗe a 2024, domin mutum ya fitar da kayansa kusa da gida.

Abin da muke roƙon ƙungiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A cikinmu akwai tsofaffin jami'an kwastan da lauyoyi da ma'aikatan tashar jiragen ruwa da waɗanda suka yi wannan ƙaura da kansu. Ilimin yana nan, a warwatse yake kawai. Muna ba da shawarar abubuwa uku. Na ɗaya, a kafa ƙaramin kwamiti na mutum uku ko huɗu wanda duk mai shirin ƙaura ko aurar da 'ya zuwa waje zai tuntuɓa wata 6 kafin tafiya, ba mako biyu ba. Na biyu, reshen Legas ya riƙe sunayen ejan masu lasisi da 'yan uwa suka gwada suka gamsu da amanarsu. Na uku, kowane ɗan ƙungiya da ke waje ya rubuto mana abin da ya gani a ƙasar da yake, domin dokokin nan ana yi masu gyara lokaci-lokaci, kuma kafin a ɗaure kaya wajibi ne a karanta abin da hukumar kwastan ta ƙasar ta wallafa a shafinta a wannan lokaci.

Kammalawa

'Yan uwa, kuɗin da ke salwanta a tashoshin jiragen ruwa saboda rashin takarda ɗaya, kuɗi ne da za su iya biyan karatun marayu ko su haƙa rijiya a unguwanninmu. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma in kunne ya ji, jiki ya tsira. Muna fatan duk wanda ya saurare mu a yau, ko ya karanta wannan a mujallar ƙungiya, zai isar da shi ga ɗansa ko ƙanwarsa da ke shirin tafiya. Membobin kwamitinmu za su tsaya a bakin zaure bayan an tashi, domin amsa tambayoyin duk mai buƙata.